Sai Na Sami Aiki Zan Ɗauke Shi

Litinin, da hantsi

An haihu! Namiji! Ƙato, gashi cike da kai, muryarsa har bakin ƙofar asibiti. Na zama kaka. Sai yanzu na lura ko bismillah ban rubuta ba. Malamarmu ta ajin manya na yamma ta ce duk wanda ya koyi rubutu da furfura a kansa ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, in ba haka ba hannun zai manta. To, yau na ga abin rubutawa.

Nas ta miƙa wa uwar yarana shi, ita kuma ta miƙa mini. Shekara da shekaru ina tuƙa babbar motar fasinja ban taɓa jin tsoro a kan sitiyari ba, yau ga shi ɗan mitsitsin mutum ya ba ni tsoro. Ya damƙi yatsana ya tsala ihu. Na ce wannan ai kwandasta ne, kiran fasinja yake. Duk ɗakin aka yi dariya, har mai jegon da ke kwance.

Uban, wato babban ɗana, wanda duk unguwa ke kira Injiniya, yana tsaye a bakin ƙofa da rigarsa a goge da littafi a hammata. Na ce zo ka karɓi kayanka. Ya ce, "Baba, riƙe shi tukuna, hannuna ba tsabta." Na yi dariya. Ni ma ranar da aka haife shi tsoro na ji.

Tun da abin nan ya faru a kamfanin sabulun da yake aiki, shi da matarsa suka dawo gidana, ɗakunan baya. Ba zan rubuta abin nan yau ba. Yau ranar murna ce.

Laraba, da yamma

Sun dawo gida. Sunan Kwandasta ya bi shi. Tsohuwa, wato uwar yarana, ta ce daga yau ta yi sabon miji, ni in nemi inda zan zauna. Na ce miji marar haƙori, ki je ki ƙarata. Ta ce ai kai ma saura kaɗan ku zama ɗaya.

Gidan ya cika da mata da ƙamshin hoda. Injiniya ya gaisa da kowa daga tsakar gida, ya koma ɗaki.

Juma'a, da safe

Bari in rubuta yadda yake yi, don abin yana burge ni. Yana tashi kafin kowa. Ya yi wanka, ya goge riga, ya sa takalmi mai igiya kamar zai fita aiki. Sai ya tsaya gaban madubi ya yi magana da kansa da ƙarfi: shi mai nasara ne, ƙofofi suna buɗe masa. Daga nan ya zauna a teburin falo da littattafansa da waya har azahar, yana aika takardun neman aiki.

Littattafan uku ne, duk na koyar da yadda mutum zai sake aiki ya ci gaba. Biyu da Turanci, masu kauri. Ɗaya ƙarami mai jan bango, wani ya mayar da shi harshenmu. A bayan kowanne akwai hoton mutum yana murmushi ya harɗe hannuwa.

Ni ina ganin girman littafi. Na kai shekara hamsin a duniya ina dangwala yatsa a inda wasu ke sa hannu. In abu ya kai a buga shi a littafi, a ganina an auna shi. Na ce wa tsohuwa, ki bar shi, yaron nan ya san abin da yake yi.

Ta ce, "Ya ɗauki ɗansa?"

Na ce zai ɗauka.

Asabar, bayan la'asar

Na je wurin mai aski, abokina tun muna tasha. Na ba shi labarin jika, ya ce askin yau kyauta. Sai na ba shi labarin littattafan.

Ya ce, "Direba, shi mai littafin wane aiki yake yi?"

Na ce rubuta littafi mana.

Ya ce, "To ka gani. Shi ya sami aiki. Ɗanka ne ya ɗauke shi."

Na ce kai ba ka da aiki sai gatse, ko sunanka ba ka iya karantawa. Ya ce amma ya iya karanta ƙeya, kuma tawa ta nuna damuwa. Na ce yi askinka.

Talata, da hantsi

Ya goge riga. Kwandasta yana kuka a ɗaki, uwarsa tana banɗaki. Injiniya ya tashi har bakin gadon, ya tsaya, ya kira kakar yaron.

Alhamis, da yamma

Abokinsa na makaranta ya zo, wanda ke da shagon gyaran firiji a bayan kasuwa. Ya zo barka, ya kawo kayan jarirai. Ina jin su daga inda nake zaune. Ya ce aiki ya yi masa yawa, yana neman hannu, ko na ɗan lokaci ne kafin babban ya zo.

Injiniya ya yi masa godiya sosai. Ya ce littafi ya yi gargaɗi a kan wannan: wanda ya karɓi abin da bai kai darajarsa ba, shi ya faɗa wa duniya farashinsa. Mai firiji ya sosa kai, ya ce, "To, Allah ya kawo mai darajar." Ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Wataƙila littafin ya fi ni sani.

Asabar, da safe

Yau na gwada. Na ɗauko Kwandasta bayan an yi masa wanka, yana ta ƙamshi, na je har teburin na ce, ungo, bayana ya gaji.

Ya mayar da hannuwansa baya. Kamar ɗan makaranta gaban hedimasta.

Na ce lafiya?

Ya ce, "Baba, akwai tsari. An ce mutum ya zaɓi abin da ya fi so a duniya, ya hana kansa, har sai ya cimma burinsa. Shi ke sa mutum ya dage. Wasu shan shayi suke bari, wasu kallon ƙwallo."

Na ce kai fa?

Ya dubi yaron, ya kau da kai. Ya ce, "Sai na sami aiki zan ɗauke shi."

Na tsaya da jariri a hannu kamar wanda mota ta bari a tasha. Na so in ce ɗan mutum ba shayi ba ne. Amma ya faɗe ta da natsuwa, da lafazin masu ilimi, ni kuma ajin yamma kawai na yi.

Lahadi

Ban yi rubutu da kyau ba yau. Ba abin rubutawa.

Litinin, bayan azahar

Na ari mai jan bangon. Na ce ina so in ƙara karatu, ya ji daɗi har ya ba ni fensir. Gaskiyar ita ce ina neman wurin da aka ce a hana kai, in ga ko akwai inda aka ce ban da 'ya'ya. Ina bi da yatsa, shafi ɗaya yana cin mini rabin yini. Na samu wurin. Ba a ce ban da 'ya'ya ba. Ba a kuma ce har da su ba. Mai littafin bai yi tunanin za a kai nan ba, ina jin.

Laraba, da hantsi

An kira shi intabiyu! Wani kamfanin lemo, mako mai zuwa. Gidan ya ɗau murna, tsohuwa har da rawa da muciya a hannu.

Littafi ya ce a yi gwaji da wani a gida, don haka ni ne manaja. Ya jawo teburin tsakiyar falo, ya zaunar da ni, ya sa na saka tabarau, ya buɗe mini shafin tambayoyi. Sai ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙofar gidan ubansa.

Na ce shigo mana, kai da gidanku.

Ya ce, "Baba, don Allah ka yi da gaske."

Na gyara murya. Na karanta ta farko: faɗa mana ko kai wane ne. Dariya ta ƙwace mini. Ni da na yi ta goya shi a wuya zuwa kallon motoci, ni ne ke tambayarsa ko shi wane ne. Daga kicin tsohuwa ta ɗaga murya: "Manaja, a taimaka a ɗauke shi, ɗan gida ne!" Surukata ma ta yi dariya daga ɗaki. Na daɗe ban ji dariyarta ba.

Ya amsa duka tiryan-tiryan. Har muka zo tambayar da yatsana ya tsaya a kanta. Me ya sa ka bar aikinka na baya?

Tun da ya dawo gidan nan ban tambaye shi ba. Uwarsa ba ta tambaya ba. Ga shi an buga ta a littafi, an ɗora a gabana.

Na karanta.

Ya yi murmushi irin na mutumin bayan littafi. Ya ce, "Na kai matakin da nake neman sabon ƙalubale da zai faɗaɗa ƙwarewata."

Na ce madalla. Na wuce ta gaba.

Alhamis, Juma'a, Asabar

Gwaji kullum bayan karin kumallo. Kullum sabon ƙalubale. Na haddace amsar fiye da shi.

Talata, da yamma

Ya je. Ya dawo. Ya ce sun ce za su kira.

Alhamis, bayan la'asar

Ba su kira ba. Wayar tana kan tebur, ya juya ta, ya sake juya ta. Ko banɗaki da ita yake shiga.

Kwandasta ya fara bin mutum da ido. In uban ya gifta sai ya juya kai ya bi farar rigar har ta ɓace. Tsohuwa ta ce da gangan, "Angona, bar kallonsa, baƙo ne." Na harare ta. Ta ce to ƙarya ta yi?

Asabar, da safe

Saƙo ya zo. Sun gode, sun ɗauki wani.

Ya ce littafi ya ce kowace a'a mataki ce zuwa i. Ya faɗa yana kallon bango.

Litinin

Bai goge riga ba.

Talata, da hantsi

Bai fito ba. Abincin da aka ajiye masa a bakin ƙofa, kyanwa ce ta amfana.

Surukata ta same ni a tsakar gida ina gyara ƙafar kujera. Ta durƙusa, yarinya ce mai ladabi, tun da ta shigo gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ina neman izini. Yayana zai zo ranar Asabar ta sama ya kai ni gida in ɗan huta."

Na ce ɗan hutu na kwana nawa?

Ta ce, "Baba, ni ba aikin ne ya dame ni ba. Ko ruwa za mu sha mu kwana zan iya. Amma in yaron ya yi kuka sai ya juya mana baya ya toshe kunne da filo. Jiya na ɗora masa shi a ƙirji yana kwance, ya daskare, ya ce in ɗauke, in ɗauke, kamar na ɗora masa garwashi. Ba zan iya rainon ɗa a ɗakin da ubansa ke tsoronsa ba."

Na ce littafin ne, 'yata, tsari ne, zai wuce.

Ta dube ni. Ta ce, "Baba, kai ma ka yarda littafin ne?"

Na ci gaba da buga ƙusa a inda babu buƙatar ƙusa.

Laraba, da yamma

Na je kamfanin sabulu. Ban gaya wa kowa ba. Na sa babbar rigata na hau mota har ƙarshen layi, inda ƙamshin ke tarar mutum tun kafin ya ga bangon. Ban san me zan ce ba. Ina jin na yi niyyar in roƙi wani ne, ko wane ne.

Ban wuce ƙofa ba. Maigadi ya gane ni, ya ba ni benci, ya ce manya suna taro. Na zauna har inuwa ta bar bencin. Ana ta fito da kwalaye ana lodawa. Daga ciki ana jin injin yankan yana bugawa, tim, tim, tim, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Maigadin ne ya yi maganar, ni ban tambaya ba. Ya ce Dogo, ma'aikacin da injin yankan ya kama, ya fito daga asibiti, yana gida. Ya ce hannun dama ne. Ya ce wasu na cewa Injiniya ya ce a tsayar da injin aka ƙi, wasu na cewa shi ya duba ya ce a ci gaba. Ya ce Allah kaɗai ya sani. Ya ce duk 'yan sashen sun je duba Dogo, saura mutum ɗaya.

Na yi masa godiya na taso. Manyan ban gan su ba.

A mota na tuna wani direba da muka yi aiki tare. Bayan hatsarin da ya yi a hanya, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu, amma in ya zauna gaban sitiyari sai ya sa hannuwa a cinya. Ya ce ido ne ke damunsa. Muka bar shi a kan ido ne.

Alhamis, da safe

Mai aski ya ce in tattara littattafan in ba mai sayar da gyaɗa ya yi ƙunshi. Na ce in na ƙwace su me zan ba shi a madadinsu? Su ne kaɗai suka sa ya tashi ya yi wanka duk makonnin nan. Ba don su ba da tun ranar da ya dawo ya kwanta.

Mai aski ya ce, "To sun taimaka ke nan?"

Na ce ban sani ba. Sun tashe shi tsaye, sun kuma ba shi wurin ɓuya. Ban san yadda ake auna wannan ba.

Ya ce yau dai Direba ka yi maganar da ta fi askina tsada.

Asabar

Saura mako. Surukata ta fara wanke kayan yaron tana ninkewa a jaka. Tsohuwa ta daina wasan miji. Tana goya shi ko ba ya kuka.

Litinin, bayan azahar

Ina ci gaba da karatun, ban san dalili ba. Wataƙila don ba ni da wani abin yi da hannuna. Na wuce rabi. Duk shafukan baya ya ja layi a ƙarƙashin maganganu da fensir, wani wurin har sau biyu. Yau na iso wani babi fari fat, ko ɗigo babu.

Na karanta shi a hankali. An ce mai neman sabon aiki ya tashi ya je wurin mutanen da suka yi aiki tare a da. Kada ya jira su neme shi, kada ya aika saƙo, ya je da ƙafarsa ya zauna da su. An ce kada ya tsallake kowa, domin bai san ta hannun wa alheri zai zo ba.

Na san mai littafin manajoji yake nufi, masu iya yi wa mutum hanya. Bai san da Dogo ba. Amma abin da ya rubuta ke nan.

Talata, da hantsi

Na ƙwanƙwasa masa. Yana zaune a bakin katifa da singileti, gemu ya fito. Ɗakin yana warin rufi. Na ce na zo da tambaya a kan karatu, akwai inda ban gane ba. Na tsaya a bakin ƙofa na karanta masa babin da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan dogayen kalmomi. Bai gyara mini ko ɗaya ba.

Da na gama na ce, wancan da ya ce ka hana kanka, ka bi shi sau da ƙafa. Wannan kuma ka tsallake. Ni ban yi makaranta mai zurfi ba, ka gaya mini, ana zaɓe ne?

Ya ce, "Baba, ba ka sani ba."

Na ce ban sani ba. Kullum ina tambayarka a tebur kana ce mini ƙalubale.

Ya sunkuyar da kai. Na jira. Na ajiye littafin a bakin ƙofa na fito. Ban taɓa yi masa magana haka ba tun yana yaro. Ina tsoron na ƙara lalata abin.

Laraba

Shiru.

Alhamis, da yamma

Yayan surukata ya bugo, ya ce da safe zai iso don su kama hanya da wuri.

Juma'a, bayan la'asar

Ina alwala ya fito. Rigar ba guga. Ya ce, "Baba, raka ni."

Ban tambayi ina ba.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakiya. Dogo yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, dogon ne kuwa, ya rame. Hannun yana naɗe a cikin zane a kan cinyarsa. Ba zan rubuta yadda naɗin ya ƙare ba. 'Yarsa ƙarama, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana wasa da murfin tukunya. Matarsa ta tafi kasuwa.

Muka yi sallama. Ya amsa mini, ya gaishe ni da girmamawa. Sai ya dubi ɗana ya ce, "Oga. Sai yau?"

Injiniya ya durƙusa. Duk amsoshin da muka haddace a tebur, babu wadda ta dace da nan.

Dogo ya ce, "Na yi ta kallon ƙofar asibiti. Masu shara ma sun zo. Ba cewa na yi ka zo da hannu ka dasa mini ba."

Na ja gefe na zauna a kan bokitin da aka kife, na ba su baya. Sun yi magana ƙasa-ƙasa. Na ji wasu abubuwa. Na ji muryar ɗana ta karye, na ji ya ce shi ne na ƙarshe da ya taɓa injin. Na ji Dogo ya ce, shi ma an ce masa ya jira bai jira ba. Na ji ya ce bai yafe wa kowa ba tukuna, har da kansa, kada a zo a matsa masa. Sauran nasu ne.

Ana cikin haka yarinyar ta taka murfin ta faɗi, bakinta ya bugi siminti. Ta tsala ihu. Dogo ya yunƙura da hannu ɗaya, ya kasa tashi da sauri, ni kuma ina nesa. Ya daka wa ɗana tsawa: "Kai! Hannu biyu gare ka kana kallo? Ɗauke ta mana!"

Ya ɗauke ta. Ina jin bai ma san ya yi ba. Ta maƙale masa a wuya tana kuka, majina da ɗan jini a kafaɗarsa. Ya tsaya da ita yana jijjigawa, idonsa a buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci.

Da za mu tafi Dogo ya ce, "Fankar ɗakin nan ta mutu tun ina asibiti. In ka ga dama." Bai ce sai an jima ba.

Da muka iso gida ya wuce ɗakinsa, ya wuce gadon yaron, ya rufe ƙofa. Jakunkuna suna jere a falo. Tsohuwa ta dube ni, na girgiza kai.

Na yi abin da na iya. Bai isa ba.

Asabar, da sassafe

Motar yayanta tana waje. Ana fitar da kaya. Na shigo ɗaki don kada in ga tafiyar.

Asabar, da hantsi

Ya ɗauke shi! Ya ɗauke shi!

Bari in natsu in rubuta daidai. Tsohuwa ce ta turo ƙofa ba sallama, ta ce fito, fito, kada ka yi magana. Na fito ba takalmi. Surukata tana tsaye a tsakar gida da mayafi da jakar hannu, ta gama sallama da kowa. Ashe ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, mun tafi. Shi kuma ya buɗe ya ce, ba ni shi.

Yana zaune a kan dakalin bakin ɗaki, ya riƙe yaron can nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Kan yana lilo. Tsohuwa ta kasa haƙuri: "Tallafi ƙeyar mana! Wannan wane irin injiniya ne?" Ya tallafa. Kwandasta ya zuba masa ido, ya yamutsa fuska, muka ce yanzu zai fasa ihu. Bai fasa ba. Fitsari ya tsula masa tun daga ƙirji har cinya. Ɗana ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ya jawo shi ya manna a ƙirjin a jiƙe.

Yayan ya leƙo yana kaɗa makulli, ya ce rana tana yi. Surukata ba ta juya ba. Ta ce, "Yaya, kashe motar tukuna." Ban san ko tukuna ɗin ta awa ɗaya ce ko ta fi haka ba, ban kuma tambaya ba. Jakunkunan suna cikin but ɗin motar har yanzu.

Aiki babu. Babu wanda ya kira. Littattafan suna kan tebur inda suke, ban san ko gobe zai buɗe su ba, ban ma san abin da zan so ya yi ba. Na tambaye shi a hankali, tsarin fa? Ya ce, "Baba, don Allah matsa, kana tare masa iska."

Ni aka ce in matsa. A gidana.

Na aika a kira mai aski, ya bar kan da yake yi rabi ya zo. A kira mai firiji. A gaya wa maƙwabta na dama da na hagu, da 'yan ajinmu na yamma, da Malama in tana gari. Bai ajiye shi ba har yanzu, hannunsa ya sage ya ƙi bayarwa, uwar tana roƙo a ba ta ta shayar. Ƙofa a buɗe take, kowa ya zo ya gani da idonsa, ku yi sauri kafin yunwa ta raba su.